Tambarin asali, na ƙungiya ko naka na kanka: wanne ya dace da mai sana'a a Damagaram?

Tun da Nijar ta karɓi takardun kariya na kayanta huɗu daga OAPI, hukumar Afirka mai rajistar tambura da sunayen kaya, maganar tambari ta shiga bakin masu sana'a a Damagaram. Albasar Galmi da kilishin Nijar sun samu tambarin asalin wuri, wanda ake taƙaitawa da IGP. Cukun Nijar da fatar jar akuyar Maraɗi kuwa tambarin ƙungiya aka yi musu. Mata masu alkaki a Birni da Zango, dukawa da majema, masu raken Matamai da masu dabinon Gidimuni, kowa na tambayar yaushe za a zo kansa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, kayan nan huɗu ma ba hanya ɗaya aka bi da su ba. Biyu sun bi nan, biyu sun bi can. Akwai kuma hanya ta uku wadda ba ta buƙatar yardar kowa, wato mutum ya yi rajistar sunan kasuwancinsa shi kaɗai. Kowace da kuɗinta, da wahalarta, da wanda zai ci ribarta. Ƙungiyar da ta ɗauki wadda ba tata ba za ta share shekaru tana zaman taro ba tare da ta ƙara ko dala a kan kwanon alkaki ba.

Asarar suna ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin da ayari ke tashi daga Kano, ya yada zango a Damagaram, ya bi ta Agadas har Turabulus, jar fatar akuyar ƙasar Hausa take isa Turai. Can kuwa fatar Maroko ake ce mata, domin daga tashoshin arewacin Afirka take shiga jirgin ruwa. Majemin da ya jiƙa ta da bagaruwa, ya rina ta da karan dafi, ba wanda ya san da zamansa. Na baya-bayan nan shi ne na albasa. Wajen 2009 aka yi ta cece-kuce bayan an gano cewa wani kamfanin iri na Senegal ya nemi OAPI ta ba shi haƙƙin irin albasa da sunan Galmi. Manoman Nijar da gwamnati suka tashi tsaye, kamfanin ya haƙura da sunan, ya sa wa nasa irin wani dabam. Wannan rigimar ce ta farkar da mutane da yawa cewa sunan gari ma dukiya ce da wani zai iya riga ka rubutawa.

Hanyoyin uku duk ƙofa ɗaya suke shiga. OAPI tana da mazauni a Yawunde, babban birnin Kamaru, tana aiki da yarjejeniyar Bangi ta 1977, kuma ƙasashe 17 ne a cikinta. Rajista ɗaya ta isa a kare ka a dukansu, daga Senegal har Kamaru da Cadi. A Nijar, ofishin AN2PI, hukumar gwamnati mai kula da rajistar tambura da ke Yamai, ne ke karɓar takardu ya tura. Sai dai ga abin da ya kamata kowane Badamagare ya riƙe kafin ya ci gaba da karatu: Najeriya ba ta cikin OAPI. Kasuwar da muka fi dogara da ita, Kano da Daura da Maigatari da Mai'aduwa, takardar Yawunde ba ta aiki a can. In wani a Kano ya buga leda ya rubuta mata sunan Damagaram, sai in ka yi wata rajistar dabam a Abuja za ka iya ɗaga masa yatsa. Wannan ya shafi hanyoyin uku daidai wa daida.

Tambarin asalin wuri shi ne mafi nauyi, shi ne kuma mafi ƙarfi. Ba mallakar mutum ba ne, ba ma mallakar ƙungiyar da ta wahala wajen nemansa ba ne. Kamar rijiyar gari yake: duk ɗan gari na da ikon ɗiba in ya bi ƙa'ida, ba mai ikon sayar da ita, ba kuma mai ɗauke ta ya kai wani gari. Kafin a ba da shi sai an nuna cewa ingancin kayan ko shahararsu daga wurin suka samo tushe, ko daga ƙasa da ruwa, ko daga irin dabba, ko daga gwanintar da aka gada kaka da kakanni. Sai an shata iyaka a taswira, an ce daga nan zuwa nan. Sai an rubuta kundin ƙa'idoji wanda zai faɗi da me ake yin kayan, ta yaya, da abin da aka hana. Sai kuma an tanadi masu bin sawu da za su riƙa dubawa ko ana bin kundin. Kwamitin ƙasa ya tantance, sannan a kai Yawunde. In an samu, ba a sabunta shi duk shekara goma kamar sauran tambura, yana nan muddin sharuɗɗansa na nan. Kuma yana hana wanda ba ɗan yankin ba amfani da sunan, ko da ya yi wayon cewa nasa "irin na" wurin ne.

Shin yana ƙara wa mai noma kuɗi? Inda aka yi shi da gaske, e. Farin masoron Penja na Kamaru, wanda ake nomawa a ƙasar dutse mai aman wuta, yana cikin na farko da OAPI ta yi wa rajista a 2013, tare da farar zumar Oku, ita ma ta Kamaru, sai gahawar Ziama-Macenta ta Gini. Cikin 'yan shekaru farashin masoron ya haura ninki biyu, manoma suka ƙaru, kuma a 2022 Tarayyar Turai ta amince da sunan a kasuwanninta. Wani nazari da hukumar abinci ta duniya FAO ta fitar a 2018 kan kaya tara daga nahiyoyi dabam-dabam ya nuna cewa a mafi yawansu farashi ya ƙaru da kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari. A Turai kuma, lissafin da hukumarsu ta fitar a 2020 ya ce kayan da ke da irin wannan tambari darajarsu ta kai ninki biyu na makamantansu marasa shi, kodayake giya ce ta ja lissafin sama, ba abinci ba.

Amma masu kawo labarin Penja a taro ba su cika faɗin sauran ba. Hukumar raya ƙasashe ta Faransa ce ta zuba kuɗin shirin da ya kai su ga takardar. Kafin takardar an horar da manoma, an gyara yadda ake jiƙa masoron da wanke shi da shanya shi, an kafa wurin da ake tacewa a ƙulle a buhu mai lamba. Wato ingancin ne ya tashi, takardar ta zo ta tsare shi. Da farashi ya hau kuma sai ga sata a gonaki, ga masu haɗa na wani wuri suna sayarwa da sunan Penja. Ni a ganina duk wanda ya ce wa mata masu sana'a "ku samo IGP kuɗi za su zo" ya ba su rabin magana.

A duba kilishi kusa-kusa, tunda shi ne muke da takardarsa a hannu. Mai kilishi zai samu tsokar cinyar sa, ya bi ta da wuƙa a hankali yana warwarewa har ta zama shimfiɗa guda, siririya yadda in ka ɗaga ta za ka hango hasken rana. A shanya a kan gadon kara. In ta bushe a tsoma ta a labu na tunkuza da citta da kanumfari da barkono da albasa, a sake shanyawa, a gasa a wuta mai sanyi. Akwai ja, akwai fari, akwai rumuzu wanda mai da gishiri da ɗan yaji kawai ake shafa masa. Wanda ya taɓa tsayawa a Gidigir a kan hanyar Gure ya san abin da ake nufi da hannu mai kyau. To, kundin ƙa'idojin irin wannan kaya dole ya taɓo inda aka yanka dabbar da ko likitan dabbobi ya duba ta, da yadda za a kare naman daga ƙuda da ƙura lokacin shanya, da abin da za a naɗe shi da shi maimakon takardar buhun siminti. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne. Babban mai kilishi da ke da yara goma zai sayi ragar shanya da injin liƙe leda ya wuce. Ƙaramin da ke sayen nama bashi da safe ya biya da yamma, shi fa? In ba a tallafa masa ba, tambarin da aka samo da sunan sana'ar ubansa zai bar shi a waje.

Akwai kuma abu biyu game da wannan takarda da ya kamata masu kilishin jihar nan su fahimta. Abin da aka kare shi ne sunan kilishin Nijar, ba kilishi kawai ba. Na Kano da na Ngaundare suna nan suna sana'arsu, ba wanda ya hana su. Sannan sunan na ƙasa baki ɗaya ne, bai bambanta na Damagaram da na Madawa ko na Yamai ba. Takardar kuma ba ta buɗe ƙofar Turai. Dokokin lafiyar dabbobi ne ke tsare wannan ƙofar, har ɗan ƙullin da matafiyi zai kai wa ɗansa ɗalibi an hana shiga da shi. Kasuwar da tambarin zai yi wa aiki ita ce ta Yamai, Kwatano, Lome, Abijan da Dakar, da shagunan filin jirgi.

Tambarin ƙungiya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙungiya mai rajista ce ke mallakarsa. Ita ke zana hotonsa, ita ke rubuta dokar amfani da shi, ita ke cewa wane ya cancanta wane bai cancanta ba. Ba a neman ta kawo hujjar cewa ƙasar wurin ce ta sa kayan suka yi daɗi, ba taswira, ba masana da za su yi shekara suna nazari. Yana aiki shekara goma, a sabunta. Kafa ƙungiyar ma ba abin tsoro ba ne: dokar 2010 kan koperatif ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ta yarda mutum biyar su kafa ƙarama, goma sha biyar su kafa babba mai majalisar gudanarwa. Makwabtanmu na Burkina ta wannan hanya suka tsare saƙinsu na Faso Dan Fani bayan yadin injin da ake bugawa a waje mai kama da shi ya cika musu kasuwa.

Rauninsa a fili yake. Abin da yake karewa shi ne hoton da sunan ƙungiyar, ba sunan gari ba. Matar da ba ta cikin ƙungiya, in a Damagaram take yin alkakinta, tana da ikon faɗin haka a jikin robarta, domin gaskiya ta faɗa. Ƙungiya kuma na iya rufe ƙofa ga wadda ba ta so saboda dalilin da bai shafi alkaki ba, abin da IGP bai yarda da shi ba. In shugabanni suka saɓa, ƙungiya ta rabu biyu, sai rigima ta koma kan wa zai tafi da tambari. Kuma a idon mai saye na nesa bai kai IGP kwarjini ba, tunda ku ne kuka yabi kanku, ba hukuma ce ta shaide ku ba.

Duk da haka shi nake ganin ya dace da alkaki a yanzu, kuma dalilin na cikin alkakin kansa. Ana ɓarza alkama, a kwaɓa da mai da abin tsami, a rufe ta kwana ta tashi. Washegari a murza, a naɗe siriri-siriri, a soya, a tsoma a zuma ko a sukarin da aka dafa da lemun tsami ko tsamiya. A kowane mataki gida-gida sun bambanta. Wata da man shanu take yi, wata da man gyaɗa. Wata ba ta yarda da sukari ko kaɗan, wata ta ce zuma zalla sai garar 'yar sarki. Ka tara tsofaffi biyar ka ce su rubuta ƙa'ida guda, za ka ji wata ta ce, "Yaro, ni wajen kakata na koya, ba wadda za ta auna mini tsami da cokali." Tana da gaskiyarta. IGP na buƙatar a yanke hukunci guda ga gari baki ɗaya, wanda ya saɓa ya rasa sunan. Tambarin ƙungiya kuwa yana barin mata talatin da suka yarda da juna su ce mu dai namu da zuma ne, ba ma maimaita mai fiye da kaza, muna rubuta ranar suya, su tafi a haka. Wata ƙungiyar ta yi nata. Ga kuma batun alkamar da ba a gefen Birni ake nomanta ba, saye ake yi. Dokar OAPI ta yarda shahara da gwaninta su zama hujja, saboda haka ƙofar IGP ba a rufe take ba, amma hujjar za ta fi wuyar kafawa fiye da ta albasar da ke tsirowa a ƙasar Galmi.

Hanya ta uku, wato tambarin kanka, gajeriya ce. Ka zaɓi suna, ka zana hoto, ka biya, ka samu kariyar shekara goma. Naka ne, za ka iya sayar da shi, ka ba da hayarsa, 'ya'yanka su gada. Ba taro, ba jiran kowa. Amma ba za a ba ka sunan Damagaram ko kalmar alkaki su zama naka ba, na kowa ne. In ka ajiye shi shekara biyar ba ka aiki da shi ana iya neman a soke. Talla daga aljihunka, ƙara a kotu daga aljihunka. Ga mai shago a Sabon Gari wanda ke tura kaya Yamai a motar safe yana karɓar oda ta WhatsApp, wannan ita ce hanyarsa, kuma ba ta hana shi shiga ƙungiya. A leda ɗaya ana iya ganin sunan mai kaya da tambarin ƙungiya ko na IGP gefe da gefe. Haka ake yi a ko'ina.

Kada a ɗauka zaɓen tambarin ƙungiya ko na kasuwanci maimakon IGP alamar gazawa ce. Habasha, wadda gahawarta ta Sidamo da Harar da Yirgacheffe ta shahara a duniya, tambarin kasuwanci ta zaɓa, gwamnati ta riƙe shi. Dalilinta kuwa manoman gahawar miliyoyi ne a ƙananan gonaki a cikin tsaunuka, bin sawun kowannensu zai cinye ribar. Har ta yi ja-in-ja da kamfanin shagunan gahawa na Amurka, Starbucks, a kan sunayen, aka sasanta a 2007. Ƙasa guda ta auna ƙarfinta ta ɗauki wanda za ta iya riƙewa.

Yanzu ga inda maganar ta fi muhimmanci, wato lissafi. A ɗauka, misali ne kawai, mace tana sayar da roba 100 a wata, kowace jaka ɗaya. Roba mai hatimi da takardar liƙawa da kuɗin da take zubawa don masu dubawa su ci mata sefa 75 a kan kowace roba. In mai sayenta ɗan Yamai ne da bai san ta ba, wanda tambarin ya ba shi natsuwa har ya biya 1,250, ta samu ƙarin 175 a roba, wato 17,500 a wata. In kuwa masu sayenta matan unguwa ne da suka san hannunta tun tana amarya, ba za su ƙara mata ko dala ba, ta yi asarar 7,500. Tambari aikinsa ya yi magana a madadinka inda ba a san fuskarka ba. A Kasuwar Dole, inda mai saye zai ɗanɗana ya kuma tambayi 'yar gidan wa ce ke, amfaninsa kaɗan ne. Don haka tambayar farko ba wane tambari ba ce. Tambayar ita ce, kashi nawa na kayanku ke fita daga gari, kuma wa ke fitar da su?

Wannan "wa" ɗin shi ne ke yanke ko ribar za ta iso hannun mai yi. Yawancin mata masu alkaki da dubulan da nakiya a cikin gida suke aiki, yara ko dillaliya ke kai kaya waje. Wanda ke da mota da shago a Yamai shi ke ganin mai saye. In farashi ya hau can, ba abin da ya tilasta masa ya ƙara wa Hajiya da ke gaban kasko. Ya fi muni in 'yan kasuwa ne suka mamaye kujerun ƙungiya lokacin rubuta ƙa'idoji, domin za su iya sa sharaɗin cewa a wurinsu kaɗai za a ƙulla kaya a manna tambari. Cukun Comté na Faransa, wanda ake yawan buga misali da shi, bai tsira daga wannan don takarda ba. Ya tsira ne don masu shanu da masu murza cuku da masu ajiyarsa suna zaune a majalisa guda, suna ƙayyade yawan da za a yi a shekara, kuɗin madara kuma yana bin farashin cuku. Ko IGP kuka zaɓa ko tambarin ƙungiya, ku duba wa ke da ƙuri'a, ku kuma rubuta mafi ƙarancin farashin da za a biya mai yi tun kafin a buga hoton farko.

Sai bin sawu, wanda shi ne ke kashe yawancin irin waɗannan shirye-shirye bayan masu ba da tallafi sun naɗe tabarmarsu. Wake ɗaya ke ɓata gari. Roba guda mai tsohon mai ta isa Yamai da tambarinku, duk ƙungiya ta sha kunya. A tambarin ƙungiya ku ne za ku duba junanku, kuma kowa ya san wuyar da ke cikin ce wa yayar mijinki an dakatar da ita wata uku. A IGP ana ƙara mai dubawa daga waje, wanda ba ya jin nauyin kowa, amma sai an biya shi kuɗin mota da na kwana. Ƙungiyar da ba ta taɓa iya hukunta mutum guda daga cikinta ba, ba ta kai ga IGP ba tukuna, komai shaharar kayanta.

Masu kilishi da masu cuku na Tanut da Belbeji ba su da buƙatar fara sabon nema. Takardun suna nan, abin da ya rage su haɗu, su nemi kundin ƙa'idojin ta hannun majalisar manoma ta jiha ko ofishin kiwo, su karanta, su ga me za su iya cikawa. In suna son sunan garinsu ya fito, sai su ɗora tambarin ƙungiyarsu a gefe.

Dukawa lamarinsu ya fi ban sha'awa, kuma a nan ne nake ganin IGP zai iya yin ma'ana nan gaba. Dokar OAPI ba ta tsaya ga abinci ba, ta haɗa da aikin hannu, shi ya sa malafar Sapone ta Burkina ta samu shiga. Turai kanta sai a 2023 ta yi dokar kare sunayen kayan sana'ar hannu. Jaka da takalmi da titimi da kube na Damagaram suna da tarihi, suna da masu saye na nesa, suna da kishiyoyi na roba masu kama da fata, kuma ba sa lalacewa a hanya. Matsalar tana wajen fatar. Mafi kyawunta 'yan kasuwa ke kwashewa zuwa manyan majemun Kano, daga can ta wuce Italiya da Sifen, baduku ya saura da zaɓin baya. Ga warin da jima marar kyau ke bari, wanda shi ne abu na farko da baƙo ke ƙorafi a kai in ya buɗe jaka a ɗakinsa. Muddin majema da dukawa ba su zauna sun daidaita kan irin fatar da za ta ɗauki sunan gari ba, babu abin da za a rubuta a kundi. Su fara da tambarin ƙungiya mai sharaɗi biyu ko uku, su gwada shi a baje kolin kayan sana'ar hannu na SAFEM a Yamai, su ga ko mai saye ya lura.

Rake kuwa ban ga inda za a manna masa tambari ba. Dami-dami ake loda shi a mota, a sare shi gaɓa-gaɓa a bakin titi, a shanye cikin kwanaki. Sunan Matamai yana yi masa aiki a baki ba tare da takarda ba. Sai in an mayar da shi mazarƙwaila a ƙulle a leda, sannan magana ta taso.

Dabinon Gidimuni da na sauran kwaruruwan gabas shi ne wanda alaƙarsa da ƙasa ta fi fitowa fili: kwari mai ruwa kusa, ƙasa mai kanwa, iyakar da ido ma ke iya shatawa. A takarda ya fi alkaki kama da kayan IGP. Abin da ya rage masa shi ne a ware iri, a daina zuba babba da ƙarami da mai tsutsa a buhu guda, a samu wurin ajiya da zai kai shi watan azumi lokacin da dabinon Aljeriya ke cika kasuwa. Masu gonakin da suka iya yin wannan kaka biyu a jere, suna rubuta buhu nawa ya fita da wanda ya saya da nawa ya biya, sun riga sun haɗa rabin takardun da Yawunde za ta tambaya.